Tsohuwar da Ta Kai Kunu a Rana ta Takwas

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wata tsohuwa gwauruwa mai sana'ar daddawa, ana ce da ita Kaka Damaris. Ba ta da yawan magana, amma ba abin da yake wuce idonta.

A ƙauyen nan akwai wani baƙo mai suna Irimiya, wanda ya zo noman rani daga nesa tare da matarsa Afiniki. Ba su da uwa ko ƙanwa a kusa. Da Allah ya sauki Afiniki lafiya ta haifi ɗa namiji, sai matan ikilisiya suka tashi tsaye. A yaba musu, gama da zuciya ɗaya suka yi. Kowace ta ɗora tukunya, ta ciro kular nan da ba ta ganin rana sai Kirsimeti. Wannan ta kawo dafa-duka, waccan ta kawo dafa-duka, ta uku ta ce ita kam za ta bambanta, ta kawo taliya. 'Yan barka suka ci suka ƙoshi, abin da ya kwana ya yi tsami aka zuba wa kaji. A makon nan kajin unguwar ma sun san an haihu.

Kaka Damaris kuwa ta je barka hannu wofi. Ta karɓi jaririn, ta yi masa addu'a, ta dubi tulin kuloli, ta koma gida. Ranar suna ma haka ta je. Sai mata suka fara gunaguni. Shugabar zumuntar mata, mai suna Briskila, ta tare ta a ƙofa ta ce, "Haba Kaka, ko ɗan ƙullin daddawa?"

Tsohuwa ta ce, "Ranata ba ta zo ba tukuna."

Maganar rowa da aka jingina mata ta yi mata zafi, amma ta haɗiye. Ita ma a baƙunci ta yi haihuwar fari, ta kuwa san abin da yake biyo bayan taro. Saboda haka duk makon tana gida tana shiri. Ta soya gyaɗa ta niƙa, ta jiƙa tsamiya, ta daka yaji da citta da kanumfari, ta ware kaza guda daga cikin ukun da take da su.

Kashegarin suna da sassafe ta dama kunun gyaɗa, ta ɗauka da zafinsa ta nufi gidan. Ta tarar da shi tsit. Irimiya ya koma lambu, don tumatir ba ya jiran kowa in ya so ruwa. Afiniki tana tsugune gaban murhu tana hura wuta, jiri yana ɗibarta, ga kwanonin biki jibge suna jiran wanki. A ɗaki jaririn yana kuka har muryarsa ta dushe.

"Kaka, yana tsotsa ba ya samun komai," in ji Afiniki, sai hawaye. "Tun jiya da rana ban sa komai a bakina ba."

Tausayi ya kama tsohuwa ƙwarai. Ta kama ta ta kai ta bakin gado, ta miƙa mata kwano ta ce, "Shanye duka, 'yata. Abin da ya shiga cikinki shi ne abincin yaron nan." Da kwanon ya koma wayam, sai ta yi mata tambayar da ba wanda ya tuna ya yi mata cikin kwana bakwai: "Me ranki yake so?"

Afiniki ta sunkuyar da kai ta ce, "Faten acca, irin na mamata."

Ran nan tsohuwa ta yi faten acca da yakuwa, da yamma kuma ta yanka kazar ta yi farfesu. Amma ta san ƙarfinta da rumbunta ba za su kai wata guda ba. Sai ta ɗauki sandarta ta tafi gidan Briskila, wadda ta tare ta a ƙofa kwanan baya.

Briskila ta ce, "Ai mu mun yi namu, Kaka."

"Kun yi, Ubangiji ya sāka muku. Sai dai duk a mako ɗaya kuka yi. Yaron kuwa bai daina tsotso ranar suna ba. Zo ki gani."

Briskila ta je ta gani, ta fito tana share ido da bakin zane. Macen kirki ce, ba ta tsaya kare kanta ba. Kafin rana ta faɗi ta zaga gidajen mata, suka raba kwanaki, kowace da ranarta. Kaka Damaris ce ta tsara abin da za a riƙa kaiwa. Kunu mai zafi da safe, wannan nata ne, ba ta bar wa kowa ba. Mai ranar Talata ta kai tuwon dawa da miyar kuka da ta sha daddawa da busasshen kifi. Matar da ke da zogale a bayan ɗaki ta yi dambu. Wata ta ce ita ba ta iya komai ba sai alale, aka ce mata alalen ake so. Matar mahauci kuwa ta ɗauki farfesun ƙafar sa duk ranar kasuwa.

Tsohuwa ta kuma gargaɗe su ta ce, "Ku zuba da yawa har da na mijin, in ba haka ba nata za ta tura masa. Ku juye a kwanon gidan ku tafi da kularku, kada ku bar mata wanki. In kun tarar tana barci, ku ajiye ku fita da hirarku."

Bayan kwana uku nono ya sauko, kukan ya tsaya. Da aka cika kwana arba'in aka kawo yaron sujada domin a miƙa shi ga Ubangiji, fasto ya karɓe shi da hannu ɗaya, nan da nan ya ƙara na biyu saboda nauyin yaron.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Kulolin makon farko su ne alherin da muke yi sa'ad da labari yake da zafi, kowa yana zuwa, kowa yana gani. Alheri ne na gaske, Ubangiji ba ya raina shi. Rana ta takwas ita ce ranar da taro ya watse, bukata kuwa tana nan zaune. Tsohuwar ita ce mai bi wanda ya yarda a yi masa mummunar fahimta na ɗan lokaci, domin ya iso a sa'ar da ake bukatarsa. Matan da suka raba kwanaki su ne ikilisiya in ta karɓi gyara ba tare da fushi ba. Haka Ubangijinmu yake da mu: ba ranar murna kaɗai yake zuwa ba, yana nan da safen da ba kowa a tsakar gida.

Yanzu kowa ya tuna. A unguwarku akwai gidan da kuka ci shinkafar suna makonni biyu ko uku da suka wuce. Tun daga ranar, wa ya koma? Maijegon nan za ta tashi gobe da yunwa, jaririnta kuma yana jiran abin da za ta ci. Kada ku jira zumunta ta yi taro a kai. In an tashi daga sujada, ku biya ku tambaye ta me ranta yake so.