Gafiya Mai Son Ɗaki Ita Kaɗai

An yi wata Gafiya mai son abin duniya, wadda ko tsinke ta gani a hanya sai ta kai shi raminta. Maƙwabciyarta Bushiya kuwa mai haƙuri ce, ba ta son hayaniya. A shekara guda suka sami gurbin karatu a jami'ar dabbobi, aka kuma ba su ɗakin kwana ɗaya mai gado biyu.

Abin ya tsaya wa Gafiya a rai, don ita ɗaki take so ita kaɗai, ta baje yadda ta ga dama. Sai ta ƙulla dabara: za ta tafi da kayan da za su cika ɗakin maƙil, har Bushiya ta rasa inda za ta sa ƙafa.

Kwana uku tana haɗa kaya. Buhun gyaɗa biyu, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, risho, bokiti huɗu, katifa biyu, har da turmin gidansu.

Uwarta ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, karatu za ki ko gidan miji? Ni kuma da me zan yi daka?"

"Inna, ki ara a maƙwabta. Ke ba ki san jami'a ba ne."

Bushiya ta leƙo, ita da akwati ɗaya da bokiti ɗaya suka ishe ta. Ta ce, "Ƙawata, duk wannan a ɗakinmu?"

Gafiya ta ce, "Ke da kike dunƙulewa kamar curin fura, wane wuri kike bukata?"

Ranar tafiya Jaki ya yi sawu uku da amalanke yana mita. Gafiya ta riga kowa isa, ta cika ƙarƙashin gado, ta cika bayan ƙofa, sauran ta jibge a kan gadon Bushiya.

Da la'asar Bushiya ta iso. "Don Allah ki sauke buhunan nan in shimfiɗa katifata."

"In kai su ina? A kaina zan ɗora?"

"Ai gadona ne!"

"To ɗauki abinki ki tafi da shi mana!"

Ran Bushiya ya ɓaci ƙwarai. Ta je wajen Malama Tunkiya mai kula da ɗakunan ɗalibai, aka mayar da ita wani ɗaki. Gafiya ta rufe ƙofa tana taka rawa don murna.

Ba ta gama rawar ba aka ƙwanƙwasa. Malama Tunkiya ce da takarda a hannu.

"'Yata, bana ɗalibai sun yi yawa, ba a barin gado ba kowa. Ga sabuwar abokiyar zamanki."

Wata ƙatuwar Mesa ta sulalo ciki. Kanta ya kai bakin taga, wutsiyarta tana waje tukuna. Ta haye buhunan ta naɗe, ta zuba wa Gafiya ido.

Gafiya ta ce, "Yaya, ina... ina kayan abincinki?"

Mesa ta lashi baki. "Ni ba na tafiya da guzuri, ƙanwata. Inda na sauka, nan nake samu."

Gafiya, tsira da na bakinki! Ta cusa gyaɗa uku a kumatu ta dira ta taga. Ta roƙi Malama Tunkiya ta sake mata ɗaki har da kuka, aka ce gado ya ƙare. Haka ta yi zangon karatun nan a kan tabarma a baranda, kullum tana hango kayanta ta taga, ba damar shiga.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya kori abokin zama nagari don haɗama, ba shi zai zaɓi mai maye gurbin ba. In an haɗa ka ɗaki da wani, ɗauki abin da rabin ɗakin zai ci, ka bar masa nasa.