Maginan Jan Dutse da Ƙwaryar Gwadabe

A zamanin da aljanu ke cin kasuwa ɗaya da mutane, an yi wani sarki a Birnin Tsamiya Bakwai, sunansa Barmo ɗan Jatau, adali, mai sanyin hali, mai jin nauyin talakawansa. Gidansu sun gaji wata al'ada, cewa sarki ba ya ƙin kyautar talaka, in abin sha ne ma sai ya sha a gaban wanda ya kawo. Da ɗan zazzaɓi ya kama shi, masu magani na gabas da yamma suka yi ta kwararowa da jiƙo da tsimi, ɗaci kan ɗaci, yana sha yana godiya, har idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura, fadawa suka fara raɗa a zaure.

Akwai wani mahauci a garin, Gwadabe, wanda ya shekara talatin yana juya hanta a tafin hannunsa. Da ya dubi idon sarki ya san inda ciwon yake, sai ya ɗaura aniya zuwa ƙasar Zarƙa'u, sarauniyar aljanu, mai tsaron hantar kowane mai rai. Ya ƙetare kogin da ke gudu zuwa tudu, ya ratsa birnin tagulla mai ƙofa saba'in, bayan kwana goma sha bakwai ya faɗi gabanta ya yi gaisuwa.

Sarauniya ta nuna masa wani fili mai faɗi, cike da jajayen duwatsu dubu, kowanne aljanu na aiki a kansa. Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, kowane dutse hantar mutum guda ne. Nuna mini na ubangidanka. In ka kuskure, kai da ganin gida har abada."

Gwadabe ya ce, "Ranki ya daɗe, a bar ni in taɓa. Mu mahauta hannunmu ya fi idonmu gani." Ya bi su yana shafawa, wannan sumul, wancan lumus, har ya isa ga wani koɗaɗɗe, kumburarre, mai kaushin gefe, ya ce, "Ga shi."

Sai shugaban maginan dutsen, wani tsohon aljani jiƙe sharkaf, ya leƙo ya ce, "Kai ne daga gidan mai dutsen nan? To, sannunku da ɓarna! Mu nan ko rabin dutsen aka yanke, a ba mu 'yan makonni mu mayar da shi yadda yake. Amma kullum muka yi yaɓe, kafin ya sha iska sai ku sako mana ambaliyar ɗaci. In muka gaji, da tsakuwa za mu cike, inda muka cike da tsakuwa kuwa ba ya sake tsiro."

Gwadabe ya ce, "Baba, wane magani zan kai masa?"

Tsoho ya ce, "Magani kuma? Ku dai ku bar mu mu yi aikinmu!"

Da yake bai kuskure dutsen ba, sarauniya ta sallame shi. Gwadabe ya komo yana tunani, domin ya san Barmo zai gwammace mutuwa da ya kunyata mai kyauta. Da ya shiga fada, ya tarar da masu magani jere da goruna, sai ya riga su durƙusawa, ya miƙa wata ƙwarya sabuwa fes, ba komai ciki.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga tawa kyautar daga ƙasar aljanu. Kwana arba'in za ka sha ruwan rijiya zalla a cikinta, kuma ba ta haɗuwa da maganin kowa."

Waziri ya ce, "Kai mahauci, ƙwaryar wofi za ka ba sarki?"

Barmo ya yi murmushi ya ce, "Waziri, so kake in ƙi kyautar talaka? Na karɓa da sharaɗinta. Bayin Allah, ku yi haƙuri, ya riga ku."

Kafin kwanakin su cika, idanun sarki suka washe, cikinsa ya sace, ya nemi tuwo da bakinsa har ya nemi ƙari. Ya naɗa Gwadabe Sarkin Fawa, aka yi mako ana shagali, shi kuwa ya ci gaba da mulki shekara ashirin da uku cikin ƙoshin lafiya. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanya magina a cikin bawansa, suna gyara ba da saninsa ba.