Mataccen Tanderun Doña Nélida

Akwai wata mata a birnin Arequipa, Doña Nélida Chambi, mai makarantar koyon yin burodi. Ɗalibanta goma sha huɗu sun iya aiki sosai, amma otal-otal ba sa ɗaukar wanda hukuma ba ta tantance makarantarsa ba. In ba ta samo shaidar inganci ba, wahalarsu ta shekara guda ta tashi a banza.

Hukuma ta ba ta ɗan littafin jagora. Shafi takwas kacal za a rubuta, a amsa tambayoyi bi da bi, a kuma faɗi inda makaranta ta gaza da yadda za a gyara.

Ƙaninta Rómulo, wanda ya taɓa yin akawu a ofishin lauya, har yau bai bari an huta ba, ya ture littafin gefe. Ya kawo mata shafi arba'in, manyan kalmomi sai ka ce jawabin gwamna.

"Yaya, wa ke tona wa kansa asiri? Rubuta tanderu uku, duk lafiya lau."

"Ɗaya ya mutu tun watan Maris, Rómulo."

"To wa zai leƙa?"

"Kwashe tarkacenka, lauyan gida. Miƙo min littafin."

Ta zauna, hannu duk fulawa, tana bin tambayoyin. A shafi na shida aka tambayi halin da kayan aiki ke ciki. Ta rubuta cewa tanderu biyu ke aiki, ta raba ɗalibai rukunin safe da na rana, tanderu na ukun kuma za a gyara shi kafin Agusta.

Ranar da jami'ar hukuma ta zo, ko kallon burodin da aka jera mata ba ta yi ba. Kai tsaye ta buɗe tanderu na uku. Sanyi ƙalau! Rómulo ya kama tarin ƙarya.

Jami'ar ta duba shafi na shida, ta gyaɗa kai. "Yadda kika rubuta haka na tarar, Doña. Makarantu biyu na hana wa shaida a makon nan. Sun ce ba su da aibi, na buɗe ido na ga aibin."

Shaidar ta fito bayan wata guda. Doña Nélida ta sa hannu a takardun kammalawa na ɗalibanta goma sha huɗu tana murmushi, daɗi ya cika ta. Kafin sati ya zagayo, biyar daga ɗalibanta sun kama aiki.

Darasi: In an ba ka jagora, bi shi yadda yake, ka faɗi gaskiya ko da ba ta yi maka ado ba. Ku tura wa duk wanda ke shirin cika takardar nema.