Bunsuru Wanzamin Gwaiba

An yi wani Bunsuru mai suna Ɗangemu, wanda in dai cika baki ne, to a bar masa kayansa. Gida ɗaya suke zaune da wata tsohuwar Hawainiya, wadda kafin ta ɗaga ƙafa ta ajiye sai ka sha furarka ka wanke ƙwarya. Na ukunsu Kadangare ne. Shi ba ya musu da kowa, duk abin da aka faɗa gyaɗa kai yake yi.

A tsakar gidan akwai wata tsohuwar bishiyar gwaiba. Rassanta sun sarƙe sun yi duhu, kauci kuma ya yi mata kaka-gida a sama. Kauci, in ba ku san shi ba, tsiro ne da ke maƙalewa a jikin reshe yana tsotse ruwan bishiya. Shekara biyu ke nan 'ya'yanta ba sa cika ƙoƙo.

Wata rana Ɗangemu ya je gaishe da surukarsa, Iya Delu, tsohuwar akuyar da ta daɗe tana faɗa wa dangi cewa 'yarta baki ta aura ba miji ba. Ya durƙusa daga nesa, kai a ƙasa kamar mutumin kirki. Iya Delu ta yi ƙorafin haƙoranta sun ƙare, ba abin da take marmari sai nunanniyar gwaiba. Ai kuwa bakin nan ya kubce! Ya ce ta zo lokacin kaka da kwandonta, zai cika mata shi daga bishiyar da ya gyara da kansa. Tsohuwa ta ce to, Allah ya kai mu.

Ya dawo gida yana tsalle-tsalle, ya tarar da Hawainiya riƙe da 'yar wuƙa tana kallon bishiya. Ta ce kafin ruwa ya sauka dole a rage mata rassa, a cire busassu, a sare kaucin, rana ta samu shiga.

"Inna, ke za ki yi mata askin?" in ji Ɗangemu. "Kafin ki datse reshe ɗaya ai jikokina sun yi gemu."

"Kai kuma kafin a ƙifta ido ka mayar da ita sandar makiyayi."

"Ni? Kakana ne ya yi wa duk bishiyoyin garin nan aski. Ko ba haka ba, Kadangare?"

Kadangare ya gyaɗa kai. Hawainiya ta ce ita dai ba ta taɓa jin labarin kakan nan ba, ita ma ya gyaɗa mata.

Da rigima ta yi tsawo sai suka raba bishiyar biyu. Gabas na Ɗangemu, yamma na Hawainiya, kowa ya gyara nasa.

Hawainiya ta hau. Sai ta yini tana juya ido ɗaya sama ɗaya ƙasa kafin ta zaɓi reshe. Busasshe ta cire, wanda ya juya ciki yana gogar ɗan'uwansa ta cire, mai kauci ta sare shi tun daga ƙasan inda ya kama. Kowane yanka ta shafa masa toka. Lafiyayyun rassan kuwa ko taɓa su ba ta yi ba.

Ɗangemu ya ce shi wuƙa ta malalata ce, Allah ya ba shi almakashi a baki. Ya ɗora ƙafafu a gindin bishiya ya kama aiki. Da farko dai busasshen reshe ya nufa, amma da harshensa ya taɓa ɗanyen toho, sai lissafi ya kwance. Ya ce bari ya rage wannan kaɗan. Ya ja baya ya duba, ya ga ɗaya gefen ya fi tsawo, ya ce bari ya daidaita. Daidaitawar nan, jama'a, kwana uku ana yin ta! Yana tauna yana waƙa yana karkaɗa jela, cikinsa ya yi tirtsitsi. Duk inda bakinsa ya kai, ya bar shi fes. Busassun rassan kaɗai suka tsira, don ba su da daɗi.

Hawainiya ta leƙo ta ce ya bari ta hau ta cire masa kaucin da ke samansa, tunda shi ba ya iya hawa.

"Kul, Inna. Duk bishiyar nan akwai inda ya kai shi kore? Hassada ce ke damunki. Nan kwandon surukata zai fito."

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma gefenta.

Ruwa ya sauka. Gefen Hawainiya ya yi toho, ya yi farin fure har ƙudan zuma suka tare a wurin. Gefen Ɗangemu ma ya gwada, amma duk tohon da ya leƙo da safe, kafin hantsi wanzami ya daidaita shi. Ɗan ruwan da ya rage kauci ya shanye. Kullum Ɗangemu na ɗaga kai yana cewa nasa masu nauyi ne, shi ya sa suka makara.

Kaka ta yi. Yamma ta sunkuya da 'ya'ya, ƙamshi har ƙofar gida. Gabas kuwa ko na rantsuwa babu. A nan ne fa Ɗangemu ya fara fatan Iya Delu ta manta.

Ina! Tsohuwa ba ta manta ba. Sai ga sallamarta da hantsi, da kwando wanda ɗan maraƙi zai iya kwanciya a ciki. Ɗangemu ya zube can nesa, ya rasa inda zai sa gemunsa. Ta zagaya bishiyar a hankali, ta tsaya a gabas ta daɗe tana kallo.

"Wannan gefen, fari ne suka sauka?"

Ta juya wajen Kadangare ta tambaye shi ko aikin surukinta ne, ya gyaɗa kai, kuma ranar dai gaskiya ya faɗa.

Hawainiya ta ji tausayin tsohuwa, ta ce baƙuwa ba za ta koma da kwando wayam ba. Ta shiga tsinko nunannu tana sakowa, tim, tim, tim. Iya Delu ta zauna ta kama mamula, ruwan gwaiba na bin haɓarta.

Kun dai san al'ada, suruki ba ya cin abinci a gaban surukarsa. Ɗangemu na durƙushe, yawu na zuba, wata gwaiba ta gangaro ta tsaya daidai hancinsa, rawaya, har ta fashe don nuna. Ya rufe ido, ya buɗe, tana nan. Kunya ta riƙe bakin da kwana uku ba a iya riƙe shi ba.

Iya Delu ta cika kwando, ta gode wa Hawainiya, ta zo wucewa ta sunkuya ta ɗauke ta gaban hancin nasa.

"Bari in kai wa 'yata wannan," in ji ta. "Kai ai ka ci rabonka tun yana ganye."

Darasin wannan labari shi ne, gyara daban, ɓarna daban. Mai gyaran bishiya abin da ke cutar da ita yake cirewa, ba abin da ya yi masa daɗi ba. Wanda kwaɗayi ya sa ya cinye toho, girman kai kuma ya hana shi karɓar taimakon wanda ya fi shi sani, ranar tsinkar 'ya'ya sai dai ya yi kallo.