Ƙafafun Lai'atu

An ce wani sarki ne aka yi a wata ƙasa ta masu bin Almasihu, mai son a ce da shi mai tawali'u. Kun san akwai irinsu, jikokina, ko a layinmu ba a rasa ba.

Kowace shekara, in azumin kwana arba'in ya zo ƙarshe, ran Alhamis ɗin da ke gaban Ista, bikin tashin Almasihu, sai a jera kujeru goma sha biyu a ƙofar fada, a zaunar da talakawa, sarki ya durƙusa ya wanke musu ƙafafu kamar yadda Ubangiji Almasihu ya yi wa mabiyansa. Jama'a na kallo, makaɗa na kiɗa. Abin da sarki bai sani ba, tun ran Laraba waziri ke sa a goge ƙafafun nan da dutse, a shafe su da man kaɗe, don kada hannun sarki ya taɓa kaushi.

Wata shekara sarki ya wanke sha ɗaya, ya tarar da kujera ta ƙarshe ba kowa. Waziri ya ce ta wani tsoho ce mai saƙar tabarma, Irmiya, kuma dokar ƙasa ita ce wanda ya ƙi kiran sarki ya bar gari. Ran sarki ya ɓaci. Ya ce kafin a kore shi, shi da kansa zai je ya ga fuskar mai wannan girman kai.

Da la'asar sarki da waziri suka isa gidan. Ba kiɗa, ba taro. Tukunyar tuwo na kan murhu, miyar ba nama ba mai, haka suke ci tun farkon azumi. Iyalin na zaune a kan tabarma, ɗan Irmiya da matarsa da jikoki mata biyu, an gama karanta Littafi Mai Tsarki. Tsohon kuwa yana durƙushe gaban matarsa Lai'atu da 'yar ƙwarya ta ruwa.

Sarki ya tambaye shi abin da ya hana shi amsa kira.

Irmiya ya sunkuya ya ce, "Ya sarki, ranka ya daɗe. Jiya bayinka sun wanke mini ƙafa tas, har da mai. Na duba, ban ga abin da suka rage maka ba."

Sarki ya juya ya dubi waziri. Waziri ya dubi ƙasa.

Sai sarki ya tambayi abin da suke yi haka a ɓoye, ba mai gani. Tsohon ya ce al'adar gidansu ce: a wannan rana kowa yakan nemi wanda ya ɓata wa a cikin shekara, ya faɗi laifin da bakinsa, sannan ya wanke masa ƙafa. Shi da damina ya yi wa Lai'atu tsawa a gaban surukarta kan abin da bai kai ba. Yaran ma sun riga sun yi nasu, a kan wani ɗankwali da suka yi faɗa.

Sarki ya ce, "To ni da ban ɓata wa kowa ba, ƙafar wa zan wanke?"

Irmiya ya ce, "Ya sarki, baki kan ɓoye, amma ƙafa tana faɗin inda aka aike ta. Dubi wannan."

Sarki ya duba. Diddigen Lai'atu duk faso, wani har yana jini. Ya tambayi dalili. Ita kuwa tsohuwar ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta ce shekara uku ke nan da aka kewaye rijiyar tsakiyar gari da katanga don ban ruwan lambun fada, tun daga ranar matan unguwa ke tafiya rafi ta kan tsakuwa, sau biyu a yini, da tulu a ka.

Sarki ya tuɓe alkyabba, ya durƙusa, ya miƙa hannu ga ƙwaryar. Lai'atu ta janye ƙafarta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan ni na ɗauko shi. In ka wanke ni yau, gobe da safe ina kan hanyar rafi. Ka bar ƙwarya, ka je wa katanga."

Waziri ya yunƙura zai tsawata mata, sarki ya ɗaga masa hannu. Sarki ya faɗi laifinsa da bakinsa a gaban yaran, kamar yadda ake yi a gidan. Maganar kora ta mutu a nan. Kafin safiyar Ista an rushe katangar, mata suka cika tulunansu a tsakiyar gari. Ranar ce sarki ya koma gidan shi kaɗai, Lai'atu ta miƙa masa ƙafa, da fasonta da komai, ya wanke. Suka zuba masa tuwo, wannan karon da nama.

Daga shekarar ba a sake jera kujeru a ƙofar fada ba. In an tambayi sarki dalili, sai ya ce, mai mulkin da zai wanke ƙafar talaka, ya fara tambayar abin da ya fasa ta.