Kwabban da Wendell Ya Goge

Akwai wani mutum a garin Dayton mai suna Wendell Krupa. Shekara talatin ya yi yana goge ƙarfe a masana'antar kayan mota, kuma Allah Ya ba shi hannu, amma Ya haɗa masa da taurin kai. In dai maganar ƙarfe ce, to kowa jahili ne a wurinsa.

Matarsa Marlene ta soma makancewa. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya ce in ba a yi aiki cikin mako uku ba, shi ma zai bi ɗan'uwansa. Inshorarsu ba ta ɗaukar aikin duka. Wendell ya sayar da motarsa da kayan aikinsa na gareji, ya buga wa 'yan'uwa waya har suka daina ɗauka, abin bai kai ba. Mutumin da ba ya roƙon ko ashana sai ga shi yana kuka a bayan gida don kada matarsa ta ji.

Ranar Laraba ya tuna da wani akwatin taba na mahaifinsa. A ciki akwai kwabbai na shekarar 1944 da 1945, kowanne cikin 'yar ambulan ɗinsa, ba a taɓa kashe su ba. Ya kwashe su ya tsallaka gidan maƙwabcinsa Hovland, wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa wajen tara tsofaffin kuɗi.

Tsohon ya saka safar hannu, ya ɗaga ɗaya ta gefe, ya kai shi bakin taga. Kwabon ya rine, shuɗi na shiga cikin shunayya, ga wani kore-kore a baki.

"Ɗana, ka san abin da ka riƙo kuwa? Na lokacin yaƙin duniya na biyu ne. Jan ƙarfe ne da ɗan tutiya, kusan babu kuza, har ana cewa da kwanson harsasai aka haɗa aka narka. Shekara tamanin suna kwance cikin takardar nan kafin su yi wannan launi. Launin shi ne kuɗin."

"Wannan dattin?" in ji Wendell.

"Kada ka taɓa su ko da yatsa. Ka yi haƙuri zuwa Asabar, akwai kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi a garin Columbus, ni zan kai ka da motata."

"Asabar! Dattijo, matata na lalube a kicin kana ce mini Asabar?"

"Kwana uku ne fa. Rufe akwatin ka ajiye."

Wendell ya fito ransa a jagule. A hanya ya riƙa saƙa da warwara: wa zai ba da kuɗin kirki a kan abu mai tsatsa? Ai tsohon nan so yake a kai su da dattinsu a karya farashi, wani abokinsa ya saye a banza. Shi da ya ci abinci da ƙarfe shekara talatin, mai safar hannu ne zai koya masa?

Bayan abincin rana ya matse lemun tsami a kwano, ya zuba gishiri, ya juye kwabban ciki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma da man goge ƙarfe. Wallahi aiki ya yi na gwani, irin wanda ake ba mutum lambar yabo a kansa. Kafin yamma duk sun koma jajir suna ɗaukar ido.

Da safe bai jira kowa ba, ya hau bas zuwa shagon wata dillaliyar tsofaffin kuɗi mai suna Odette. Ya baje kwabban a kan tebur.

Matar ta ɗauki gilashinta mai ƙara girman abu ta duba ɗaya, ta duba na biyu, sannan ta ɗaga wata ambulan ta ga tabon shuɗi da ya rage a jikin takardar. Ta dafe kai.

"Wayyo Allah. Yallaɓai, wane mugu ne ya yi maka wannan?"

"Ni na gyara su. Sana'ata ce."

"Ka kankare fuskar ƙarfen gaba ɗaya. Dubi zane-zanen tsumma. Babu mai tarawa da zai karɓe su yanzu."

"To a mayar da launin mana! A sa su a rana, a yi musu hayaƙi, ko me ake yi, ni zan yi!"

"Na bogi ana gane shi da kallo ɗaya. Wanda ka wanke, shekara tamanin ce ta yi shi."

Ya faɗa mata maganar idon Marlene, ya tambaye ta da bai taɓa su ba fa. Ta so ta ƙi amsawa, amma ya nace.

"Da sun biya aikin," in ji ta.

Abin da ta taya bai fi kuɗin cin abincin mutum biyu ba. Ya kwashe kayansa ya fita.

A gida ya tarar da Marlene zaune bakin taga. Ta ji ƙarar akwatin, ta miƙa hannu ta laluba ta ciro ɗaya, ta kai shi dab da idonta na dama.

"Kai, Wen, ka ga ƙyalli! Ka san kwana biyun nan ko fuskarka ba na gani sosai, amma wannan na gan shi. Hannunka akwai albarka. Nawa suka ce za su ba mu?"

Wendell ya durƙusa a gabanta, ya kifa kansa a gwiwarta.

Darasi: Gwanintarka a fanni ɗaya ba ta mai da kai masanin komai ba, kuma matsi ba hujjar yin gaggawa ba ne. In wanda ya fi ka sani ya ce ka dakata, ka dakata, domin akwai ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ku tura wa wani, wataƙila yau yana gab da goge nasa.