Tunau Wanzami da Sa Mai Gashi Har Ƙasa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Haba, wannan amsa kamar ta waɗanda suka kwana ba tuwo? To, na yafe, ku matso kusa.

A wani gari an yi wani wanzami, sunansa Tunau. Gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. In ya hangi mutum da aski a karkace, ko a wurin zaman makoki ne, sai ya matsa kusa da shi ya ce, "Bawan Allah, wane azzalumin ne ya yi maka haka?"

Ran nan da hantsi sai ga wani falke, Jatau, ya shigo gari yana jan wata dabba. Ƙaho irin na sa, kofato irin na sa, amma gashi ya lulluɓe ta tun daga doro har ƙasa, yana share hanya. Mata suka saki tuluna. Karnuka suka shige ƙarƙashin rumbu. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Jama'a, yau bukka ce ke tafiya da ƙafarta?"

Falke ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinki, Iya. Sunansa yak. Daga ƙasar duwatsu na zo da shi, inda ruwa ke daskarewa a cikin randa. A can shi ne jakinsu, shi ne saniyarsu. Ya ɗauki kaya, macensa ta ba da nono, kashinsa a hura wuta."

Duk garin ba inuwar da ta kai ta rumfar Tunau sanyi, sai falke ya ɗaure dabbar a nan. Ya kira mai unguwa shaida, ya ce, "Wanzami, zan zaga ƙauyuka in saro kanwa, ga amana. Gashin nan shi ne rigarsa. In ba shi, ba zai iya komawa kan dutse ba, sanyi zai kashe shi. Duk wanda ya raba shi da gashinsa, shi zai ɗauki kayan a kansa har can."

Tunau ya ɓata rai. Ya ce, "Ni za a ja wa kunne a kan gashi? Ni da gashi ke jin sunana ya kwanta? Na yarda, mai unguwa ka shaida."

Falke ya tafi. Rana ta take, yak yana ta haki, harshe a waje. Tunau na zaune yana wasa aska, sai ya ji an ce, "Sannu da aiki, wanzami."

Ya duba dama, ba kowa. Ya duba hagu, ba kowa. Da ya gane mai maganar, aska ta suɓuce masa, ya miƙe har da tuntsurar da zabirar kayan askinsa. "A'uzubillahi! Kai har magana kake yi?"

Yak ya ce, "In ta kama. Askarka nake kallo, tausayinka ya kama ni. Ta kan mutane ce kawai. Gashina kuwa, manyan wanzaman ƙasarmu ma sun gwada sun bari."

Tunau ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ce a ransa, ɗan tsagi ɗaya a ƙarƙashin ciki, wa zai gani? Sai ya durƙusa, ya kama gashi, ya ja aska, shar! Gashi ya zube kamar an yanki ciyawa.

"To, me ka ce yanzu?"

Yak ya lumshe ido ya ce, "Na yi shiru, ranka ya daɗe."

Washegari Tunau ya fito, sai yak ya ce, "Wanzami, ba don in ɓata maka rai ba, amma ɗazu wasu suka wuce suna dariya. Wai gefen dama ya fi na hagu tsawo. Suna tambayar wane ɗan koyo ne ya taɓa ni."

"Ɗan koyo? Ni?"

Ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya duba. Wallahi a karkace yake. Sai ya rage dama. Da ya rage dama, sai hagu ya fi. Sai ya rage hagu. Yana cikin haka matarsa Tabawa ta kawo masa fura, ta ga gashi jibge a ƙasa, ƙwarya ta kusa faɗuwa daga hannunta.

"Na shiga uku! Maigida, amanar mutane ce fa!"

"Ke, ba aski nake yi ba, daidaitawa nake yi. Kin taɓa jin an kama mutum don ya daidaita?"

"To, Allah ya daidaita mana wuyanka da kayan kanwa."

Rana ta uku yak ya ce, "Gefe ya yi kyau, madalla. Sai dai yanzu doron nan ya zama kamar an kifa mini faifai. Amma bar shi, wurin da wuya, ba kowane hannu ba."

Tunau ya miƙe. Ya jawo turmi ya taka. Ya gyara doro, sai wuya ya yi tozo. Ya gyara wuya, sai goshi ya yi tukku. Ya gyara goshi, sai wutsiya ta zama abin kunya. Kafin la'asar, ya sauko daga kan turmi, ya goge aska, ya ja da baya don ya yaba aikinsa.

Sai ya ga wani ɗan sa siriri, fata sumul, haƙarƙari a waje, yana shan iska. Ko silin gashi ɗaya babu.

Tunau ya durƙusa. Ya kwashi gashi yana mannawa da ƙaro, iska na kwashewa. Ana cikin haka sai ga falke da mangalolin kanwa, mai unguwa na biye, rabin gari na bayansu.

Falke ya tsaya cik. Ya dubi turke, ya dubi Tunau. "Ina dabbata?"

"Ga ta nan, ai ita ce. Zafi ne ya kaɗe gashin. Haka garinmu yake, ba ka ga kan mai unguwa ba?"

Mai unguwa ya gyara hula ya ce, "Kai, bar kaina a inda ka gan shi. Zafi ne ya yi wa dabbar nan gyaran fuska, har da fitar da goshi?"

Tunau ya juya wurin yak. "Abokina, faɗa musu gaskiya. Ba kai ka sa ni ba?"

Yak ya ci gaba da tuƙa, kamar bai taɓa jin Hausa ba. Jama'a suka dubi juna. Wani ya ce, "Subhanallahi, wanzami ya fara zance da shanu."

Da safe, bisa sharaɗi, Tabawa ta naɗa wa Tunau gammo. Ƙarti biyu suka ɗora masa kanwa, wuyansa ya shige kafaɗa. Falke ya ce yak ya zauna a rumfar, a riƙa ba shi dusa har gashinsa ya tsiro, in ya so baɗi ya zo ya ɗauke shi.

Za su wuce ta gaban turke, Tunau ya rage murya ya ce, "Macuci. Ashe zafi ne ya dame ka."

Yak ya duba, ya ga ba mai ji, ya ce, "Hannunka da sanyi, wanzami, ban taɓa jin daɗin aski irin wannan ba. In ka isa ka gaishe mini da mutanen gida. Ka kuma nemi bargo tun a hanya, don wannan 'yar rigar taka ba za ta kai ka ko'ina ba."

To kun ji. In an ba ka ajiya, ka mayar da ita yadda aka ba ka, ko da a karkace take. Kuma duk wanda ya san inda girman kanka yake, ya san inda zai ɗaura maka igiya.

Ƙurunƙus, kan kusu mai sanƙo.